Lamba Arba'in da Uku

Bai mutu ba.
Da mutuwa ya yi, da an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida,
da an daka gumba ran bakwai,
da na san tudun da zan tsaya in ɗaga hannu.
Tafiya ya yi, wata Laraba, daga Kwangila,
a gaban motar tumatir mai zuwa Kudu,
ina aji biyu, Rumasa'u tana goye.

Ya bar takalmi sau-ciki ƙarƙashin gadon Umma,
lamba arba'in da uku,
ya bar bashin mai shago,
ya bar sunansa manne a bayan nawa.

A Zariya ba a tambayarka wane ne kai,
ɗan gidan wa ake cewa.
Sai in faɗi sunan, sai dattijo ya yi shiru,
ya dafa kaina kamar mai auna zazzaɓi.
Na tsani tafin hannun nan.

Ƙarshen kowane zango, a gindin takardar sakamako,
akwai layi ɗaya: sa hannun uba.
Bayan ajinmu, ƙarƙashin darbejiya,
na ƙirƙiro sa hannun mutumin
da ban taɓa ganin rubutunsa ba.
Na yi masa wutsiya mai lanƙwasa,
don ina zaton haka manya ke yi.

Ran Juma'a yara na gaban babur,
hularsu na taɓa haɓar ubanninsu.
Ni kuwa sai in zaɓi wani mai farar riga a Ƙofar Doka,
in bi shi taku uku a baya
har cikin sahu,
ko wani zai ce nasa ne ni.

Na fasa wa Sagiru haƙori a filin ƙwallo.
Bai zage ni ba.
Cewa kawai ya yi zai gaya wa babansa.

Umma na ɗinkin hula har fitila ta rage ido.
Allura ta cinye mata yatsa, zare ya cinye mata gani.
Damina ta huda kwanon ɗakinmu,
na hau rufi ina shekara goma sha ɗaya,
guduma ta fi hannuna nauyi,
tana ƙasa tana salati, tana riƙe da tsani.

Rumasa'u ba ta barci sai an bar ƙofa a buɗe kaɗan.
Wani dare ta ce, Yaya, muryarsa irin ta wa?
Na ce irin ta mai karanta labarai.
Ƙarya na yi, na manta.
Shekara uku tana rungumar rediyo da ƙarfe bakwai.

Malam Tanimu mai facin keke a Tudun Wada
shi ya riƙe mini sirdi,
ya bi ni da gudu har bakin kwalbati.
Na waiwaya in ce Baba, ka gani?
Kalmar ta tsaya a maƙogwaro kamar ƙayar kifi.
Shi ma ya ji ta. Ya sunkuya yana duba sarƙa.

Bara na jawo takalmin,
na karkaɗe yanar gizo, na zura ƙafa.
Ya matse ni.
Duk shekarun nan ina jira in cika shi,
ashe na wuce shi ban sani ba.

Jiya aka yi sunan ɗana.
Yanzu ƙarfe biyun dare, yana tsala kuka,
uwarsa ta gaji, barci ya sace ta a zaune.
Na ɗauke shi yadda na ga ana ɗauka.
Ban san me uba ke cewa a irin wannan sa'a ba,
ba wanda ya taɓa faɗa mini.
Daga can titin Kano ina jin manyan motoci
suna sauya giya.
Na tura ƙofa da ƙafa,
na zauna.